Shiga Ɗakin Inna Ba Sallama

Yanar ido ce ta rufe wa Inna Kulu gani, amma duk ƙauyen nan na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, ba a taɓa jin wanda ya ce tana da taɓin hankali ba sai da ɗanta Mudassiru ya fara sabon littafinsa. Tsohuwa ce mai kaifin kai. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da faifai a cinya za ta tsince tsakuwar shinkafa tas da yatsu, bakinta kuma bai huta ba, ta sasanta wannan da mijinta, ta faɗa wa waccan maganin shawara, ta tuna wa kowa yadda gari yake kafin a sako ruwan madatsar Tiga. Doka ɗaya gare ta, kuma har yaran maƙwabta sun san ta: ba a shigar mata ɗaki sai an yi sallama an faɗi suna. Takan ce sallama ce idon da ya rage mata.

Saliha, matar Mudassiru, ita ke kula da ita. Sana'arta gumin shinkafa, ta turara shanshera mai ɓawo a rabin duro a bayan gida, ta shanya, a kai inji, abin da ya dawo Inna ta tsince. Zamansu ya fi ƙarfin na suruka da suruka, domin tun da aka kawo Saliha gidan tsohuwar nan ba ta taɓa ɗaga mata murya ba.

Mudassiru shi ne ƙaramin ɗanta, Auta take kiransa. Babban, Sammani, wanda ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, yana nasa gidan a ƙarshen layi, noman tumatir ya cinye shi. Auta bai ɗauki fartanya ba. Marubuci ne na labaran ban tsoro, irin na kisa da bin sawu, kuma ba a takarda yake bugawa ba. A waya yake rubutu da manyan yatsunsa biyu, a gindin mangwaro bakin kanal, kullum shafi guda, da yamma ya tura wa guruf-guruf na masu karatu da suka biya kuɗin shiga. Akwai wata yarinya a Kano mai zaƙin murya da take karanta shafin a ɗauka, don waɗanda suka fi son saurare.

Maganar sana'a kam ya iya, ba dama. Yakan zaunar da Saliha, wadda ba ta tambaye shi ba, ya yi mata karatu: kada ka nuna fuskar mugu da wuri, kada ka ƙare shafi sai inda numfashin mai karatu ya tsaya, jiran kisa ya fi kisan tayar da hankali. Duk wannan ilimi bai hana littafinsa na baya faɗuwa warwas ba. Wata mata har ta rubuta a guruf, a gaban kowa, wai ita da labarin Malam Mudassiru take lallashin kanta ta yi barci. Kwana da kwanaki maganar nan tana cinsa, tuwo ma sai ya tsakura ya ture. Sabon littafin ya sa masa suna Numfashi a Bayan Ƙofa, labarin wata attajira makauniya, Hajiya Aziza, da wani yake shigar mata gida ba ta san ko wane ne ba. Shafukan farko suka tafi lami, masu karatu na ta hamma.

Ran nan da hantsi Saliha na tsugune gaban duro tana iza wuta, ta hango Mudassiru ya shiga ɗakin Inna neman reza. Ƙafarsa ba takalmi, hankalinsa na kan waya, bai yi sallama ba. Mantuwa ce, wannan kam Saliha za ta shaide shi ko a gaban alƙali. Ta ji Inna ta ce, "Wane ne?" Jim kaɗan ta sake cewa, "Wane ne a nan?" A na uku muryar ta sirance ta koma wata iri, wadda Saliha ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Shi kuwa gogan naka, maimakon ya ce ni ne Inna, sai ya tsaya ƙyam a tsakar ɗaki, ya karkata kai yana saurare kamar mai sayen rediyo. Da ya ji ya ƙoshi ya lallaɓo waje a kan 'yan yatsu, ya nufi gindin mangwaro da sauri, ko rezar bai ɗauka ba.

Shafin ranar ya tashi guruf tsaye. Sharhi ya yi ta zubowa, wannan ta ce tsikar jikinta ta tashi, wancan ya ce sai da ya waiwaya bayansa. Matar nan mai barci ta rubuta cewa ta kasa shiga banɗaki ita kaɗai. Mudassiru ya bi Saliha har madafa yana karanta mata ɗaya bayan ɗaya, bakinsa har kunne, ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Daga nan mantuwa ta zama hanyar aiki. Makauniya ba ruwanta da dare ko rana, don haka bai wahalar da kansa da jiran duhu ba. Hantsi yake jira, maza sun tafi gona, yara sun tafi makaranta, ƙarar injinan ban-ruwa ta cika gari. Sai ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinsu, ya kunna abin ɗaukar murya na waya ya zura a aljihu, ya ɗaga labulen uwarsa. Da farko tsayuwa kawai yake yi. Da masu karatu suka saba da wannan, ya fara ɗauke mata buta daga inda ta ajiye ya mayar bayan gado. Ya zare carbi daga ƙarƙashin matashi ya rataye a ƙusa. Wata rana ya shiga da lauje ya riƙa jan bakinsa a jikin bango a hankali, ƙiiii, ya tsaya, ya sake ja. Wata rana ya tsoma tsumma a ruwan kanal ya riƙa ɗiga shi kusa da ƙafarta, saboda a littafin mugun ta rijiya yake shigowa. In ya fito sai gindin mangwaro, ya toshe kunnuwa da abin saurare, ya kwashe duk abin da uwarsa ta faɗa cikin firgici ya zuba a bakin Hajiya Aziza, ko wasali bai canja ba.

Akwai ranar da tsohuwar ta gaji da karanto addu'o'i, ta ce cikin rawar murya, "Idan kai mutum ne, don girman Allah ka yi tari ko sau ɗaya." Wannan magana ta zaga wayoyi har Zariya da Maraɗi. Saliha da kunnenta ta ji ta a wajen shanya, matan unguwa sun kunna karatun yarinyar Kano suna baza shinkafa, suna dafe ƙirji suna cewa kai, yaron nan Allah ya ba shi basira, ina yake samo irin wannan? Babu wadda ta gane maganar wa take ji. Saliha ta sunkuyar da kai ta ci gaba da baza tata.

Ta yi masa magana, kada a ce ba ta yi ba. Bayan la'asar ta same shi yana caja waya, ta ce Baban Amiru, abin nan da kake yi wa Inna ba kyau, ka ji tsoron Allah. Ya dube ta sheƙeƙe.

"Ke me kika sani a rubutu? Tsoro ba a ƙaga shi, ɗebo shi ake yi inda yake."

Sai hujjoji suka biyo baya, kuma mai baki ne. Wai ya taɓa dukan Inna? Ya taɓa ko taɓa ta? Ɗan lokaci ne ƙanƙani, kafin azahar ta manta. Wai likita ma yana tsira wa mutum allura don a samu lafiya. Naman da Inna ke ci da shayin da take sha da safe daga ina suke fitowa, in ba daga shafukan nan ba? Da zarar littafi ya ƙare zai kai ta babban asibiti a Kano a cire mata yanar nan, sai ta yi masa godiya. A ƙarshe ya sassauta murya ya tuna mata cewa matar kirki ba ta tona asirin mijinta, kuma gidan ubanta a Madobi ba shi da ɗakin da ya rage. Saliha ta koma bakin duronta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ita kanta ta san haka.

Washegari tana shafa wa Inna man zafi a gwiwa, tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe tamau. Ta ce, "'Yar nan, ke da kike da ido, kina bayan gida kullum. Tsakaninki da Allah, ba ki taɓa ganin wani ya shigo ɗakin nan ba?"

Saliha ta ce, "Ban ga kowa ba, Inna."

Tsohuwar ta saki hannun a hankali. Ta ce to shi ke nan, tunda ke ma ba ki gani ba. Saliha ta fita bayan gida ta tsuguna kusa da duro ta hau iza wuta.

Tun daga ranar Inna Kulu ta fara zubewa. Da can tana cewa mutum ne, yanzu ta fara shakkar kanta, ta riƙa tambayar duk wanda ya shigo ko shi ma yana jin warin ruwa. Ta daina zama a ƙofar ɗaki, wai bayanta a buɗe yake, ta koma lungu ta jingina da bango. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. In kaza ta taka ganye a tsakar gida sai ta zabura ta hau salati. Yatsun nan da ba sa kuskure suka fara rawa, tsakuwa ta fara wucewa cikin shinkafa, har mai sayen gumin Saliha ya aiko da ƙorafi. Ran da Mudassiru ya janye mata kujera daga mazauninta, ta zo zama ta faɗi ta baya, ƙeyarta ta bugi ƙafar gado, jini ya jiƙa ɗankwali. Yana tsaye a wurin, tir da wannan tsayuwa, kuma bai miƙa hannu ba sai da ya fita ya sa takalmi, ya dawo da gudu yana sallama da ƙarfi yana tambayar me ya faru. Da yamma Hajiya Aziza ma ta faɗi ta fasa ƙeya, masu karatu suka ce shafin ya fi na kullum.

Matan da ke zuwa neman shawara suka janye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wa zai kai matsalar aurensa wurin wadda take hira da bango? Magana ta bazu a bakin famfo da wajen niƙa, wai Inna Kulu ta gamu da mutanen ruwa, ai dama zama kusa da kanal sai da tsari. Masu tausayi suka ce tsufa ne. Kowa dai ya yi wa Mudassiru sannu, suka ce Allah ya ba shi ladan jinya, ya karɓa da fuskar tausayi yana cewa amin.

Ana cikin haka aka yi shela a masallacin Juma'a cewa likitocin ido za su zo cikin gari su yi aikin yana kyauta. Saliha ta dawo da murna, ta ga ƙofa ta buɗe, domin ranar da Inna ta ga haske wannan iskanci ya ƙare. Shi ma ya san da haka, shi ya sa ya ƙi. Ya ce waɗannan na kyauta ɗalibai suke kawowa su koyi aiki a idon talaka, shi ba zai ba da uwarsa a yi gwaji da ita ba, babban asibiti ya yi alkawari kuma babban asibiti za a je. Sammani da aka tuntuɓa ya ce shi tumatir ya nuna masa gaba ɗaya, ga tsutsa, ga farashi ya karye a kasuwar Kwanar Gafan, duk abin da Auta ya gani daidai ne, ai shi ne mai boko. Likitoci suka zo suka tafi. Wata tsohuwa sa'ar Inna a bayan layinsu ta dawo tana zura zare a allura da kanta. Da Saliha ta faɗa masa, ko kai bai ɗaga daga waya ba, ya ce littafi yana tsakiya, ta bar shi ya ji da abu ɗaya.

Sammani ya ga abin kunya na neman yawa, ya kawo malami ya yi ruƙiyya. Aka turnuƙe ɗakin da hayaƙi, aka yi ta karatu a kunnen tsohuwa tana tari tana cewa ita lafiyarta ƙalau, a dai sa mata ƙofa mai sakata. Malam ya girgiza kai ya ce haka suke cewa dukkansu, kuma kada a kuskura a ba ta sakata, za ta iya kulle kanta ta yi wa kanta lahani. Mudassiru na zaune a bakin ƙofa yana gyaɗa kai, wayarsa a aljihun gaba.

Masu karatu kuwa ba sa ƙoshi, wanda ya ba su jiya yau ƙari suke nema. Suka fara cewa mugun nan ya cika jan rai, yaushe zai taɓa ta? Mudassiru ya yi ta safa da marwa a tsakar gida yana cewa labari ya zo inda dole hannu ya sauka. Saliha ta ce ai ka ce ba ka taɓa ta. Ya ce sau ɗaya ne, daga shi an gama.

Da hantsin ranar ya tsoma hannunsa a randa har ya yi sanyi ƙarara, ya ɗaga labule ya shiga. Saliha ta bar wuta tana ci ta matso jikin bango tana jiran ihu. Ba ta ji komai ba. Can ya fito fuska a murtuke yana goge hannu a riga, ya ce ya ɗora mata hannun a wuya, ta yi tsit, ko a'uziyya ba ta yi ba. Ya sake gwadawa washegari, da ranar da ta biyo, haka. Ya riƙa ƙunƙuni wai tsohuwa ta daina ba shi komai, sai da ya koma ƙago maganar Hajiya Aziza da kansa, masu karatu kuma suka lura, suka ce ɗanɗanon ya ragu.

Inna Kulu ta daina magana da kowa. Ta juya fuska ga bango, in an yi sallama ta amsa a ciki, in an ba ta abinci ta ture, hawaye kawai ke bin kuncinta ba sauti. Wannan shirun ya fi ihun tsorata Sammani. Ya yanke shawara za a kai ta gidan wani mai magani can bayan Bunkure, inda ake ajiye masu taɓin hankali. Saliha ta san gidan. Wani ɗan ƙanwar babarta ya yi zama a can, ya dawo da tabon mari a idon sawu, ba ya iya haɗa ido da mutum. Ta dubi mijinta ta ga ko zai ce wani abu, sai ta ji yana tambayar yayansa wace rana za a tafi.

Ranar tafiya Sammani ya zo da sassafe da a-kori-kurar da ke kai masa tumatir kasuwa, an shimfiɗa tabarma a baya tsakanin kwanduna. Maƙwabta suka taru a tsakar gida ana ta Allah ya sawwaƙe. Aka fito da Inna aka zaunar a kan turmi, ta rame ta zama kamar kara. Saliha na riƙe da ƙullin kayanta, ta ji in ta bari aka ɗaga tsohuwar nan daga kan turmin, ita da barci mai daɗi har abada. Ta ajiye ƙullin, ta durƙusa gaban Sammani, ta ce Yaya a gafarce ta tana da magana.

Ta faɗi komai a gaban kowa, ba ta tsaya ba: rezar farko, lauje, tsumman kanal, kujera, hannun randa, da ƙaryar da ita kanta ta yi. Ta ce babu aljani ko ɗaya a gidan nan, ga shi nan tsaye da hula. In ana shakka a karɓi wayar da ke aljihunsa a kunna, muryar Inna na ciki tun daga ranar da ya fara ɗauka.

Ido duk ya koma kan Auta. Mudassiru ya sa hannu ya dafe aljihu. Sammani ya dubi aljihun nan, ya daɗe yana dubansa, sannan ya kawar da kai ya tsuguna gaban uwarsa. Ya ce, "Inna, kin ji abin da yarinyar nan ta ce?"

Tsohuwar ta ɗago kai, ta yi magana da muryarta ta da, garau, wadda aka daɗe ba a ji ba.

"Na ji. Ƙarya take yi. Auta bai taɓa shigar mini ɗaki ba sallama ba. Abin da ke zuwar mini ba mutum ba ne, ku kai ni inda za ku kai ni."

Wayyo, ka ga yadda mutane suka saki ajiyar zuciya, kowa ya samu abin da ya fi masa sauƙin ɗauka. Mata suka hau salati suna cewa ka ji sharrin matan zamani, miji na wahala a kanki ki rasa abin saka masa sai ƙazafi. Sammani ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce wa Saliha albarkacin ɗanta Amiru ne ya sa ba zai ce komai ba yau, ta tashi ta gyara wa Inna mayafi rana na yi, an riga an yi magana da mai magani, shi kuma yana da kaya a gona. Babu wanda ya sake ambaton waya.

Saliha ta tashi ta sunkuya tana naɗa wa Inna mayafi, hawayenta na ɗiga a kan zanen tsohuwar. Sai ta ji yatsun nan sun kama wuyan rigarta sun jawo kunnenta kusa.

"Ki daina kuka, 'yar nan, na san gaskiya kika faɗa. Ranar da ya ɗora mini hannu a wuya na gane shi. Hannun da na wanke tun yana jinjiri ne zai ɓace mini? Amma gara a ce uwar Auta ta haukace da a ce Auta ya haukata uwarsa. Mahaukaciya ana yi mata addu'a. Shi kuwa wa zai ƙara ba shi hannu a masallaci?"

Ta sake ta. Aka ɗaga ta aka ɗora a bayan mota tsakanin kwanduna, Sammani ya shiga gaba, mota ta bi hanyar bakin kanal tana tangaɗi har ta sha kwana. Mudassiru bai bi su ba, ya ce yana da shafin da zai tura da yamma, zai je dubiya ranar Juma'a. Maƙwabta suka watse suna harare-harare, gida ya rage daga shi sai ita.

Ta zaci duka zai biyo baya, ko saki, kuma a yadda take ji kowanne ya zo ba ta damu ba. Sai ga shi ya matso sumui-sumui ya tsuguna kusa da ita a bakin ɗakin Inna, ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya ga Inna ta raɗa mata wani abu, me ta ce? Saliha ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce a ranta bari ya ji, in akwai sauran ɗan adam a cikin rigar nan, wannan magana za ta fasa shi. Ta faɗa masa tiryan-tiryan, ba ta rage ko kalma ba.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Idanunsa suka kawo ruwa, ya daɗe yana kallon labulen ɗakin da babu kowa a ciki. Saliha ta ji wani abu ya ɗan sassauta a ƙirjinta, ta fara tunanin in suka samu babur yanzu za su iya cim ma motar kafin ta kai Bunkure. Ya share ido da bayan hannu, ya ja majina, ya sa hannu a aljihu ya zaro waya.

Ya ce, "Daga wajen 'mahaukaciya ana yi mata addu'a', sake faɗa mini a hankali."